Tokunbo da Jakar Iskar Bogi: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗin Mota a Legas

Mai sayen mota a Legas, ko a filin Berger ne ko wajen dillalan Agege, yakan saurari ƙarar inji, ya gwada giya, ya kunna esi ya ji sanyi, ya leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, sannan ya nemi takardun kwastan. Duk wannan daidai ne. Sai dai kayan da za su kare ransa ranar da aka yi karo, wato jakar iska da injin bel, suna ɓoye ne a cikin sitiyari da dashbod da gefen kujera, kuma su aka fi yi wa algus, domin mota tana iya shekara goma a kan titi babu su, babu wanda ya lura.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga motocin tokunbo, wato na hannu daga ƙasar waje, da ake saukewa a tashoshin ruwan Tin Can da Apapa, ko ake shigowa da su ta Kwatano, daga gwanjon Amurka suke, irin su Copart da IAAI, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari. Da sun iso sai a kai wa fanalbita da mai fenti, cikin mako biyu mota ta fito tana ƙyalli. Akwai dillalai masu tsoron Allah da ke sayen jakar iska da bel su mayar yadda suke. Akwai kuma waɗanda ke lissafa kuɗin jaka biyu da bel biyu da kwamfutar da ke sarrafa su, su ga ribar za ta tafi, sai su nemi gajeriyar hanya.

Kafin a gane algus ɗin sai an san yadda abin yake aiki. Kariya uku ce ke haɗuwa. Ta farko jikin motar: gaba da baya an ƙera su ne don su murƙushe su shanye ƙarfin bugu, ɗakin fasinja kuwa ya tsaya da ƙarfinsa. Béla Barényi na Mercedes-Benz ne ya kawo wannan dabara, ta shiga kasuwa a 1959. A shekarar ce kuma Volvo ta fara sa bel mai kama kafaɗa da ƙugu wanda Nils Bohlin ya ƙera, ta bar wa sauran kamfanoni su kwaikwaya kyauta. Jakar iska ce ta uku, kuma mataimakiyar bel ce kawai. Idan sensa ta ji bugu, kwamfutar da ke ƙasan giya, tsakanin kujerun gaba, tana tura wuta zuwa wurare biyu. Wani ɗan harsashin sinadari a cikin injin da ke naɗe bel yana fashewa ya tsuke bel ɗin ya manne mutum da kujera, jakar kuma ta cika da iskar gas a ƙasa da kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, tana fitowa da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Daga nan wani ƙarfe mai murɗuwa a cikin injin bel yana sassautawa kaɗan don kada haƙarƙari ya karye, jakar ta karɓi kai da ƙirji tana sacewa ta ramukan bayanta. Wanda bai ɗaura bel ba yana cin karo da jakar ne tana tsakiyar fitowa, kuma wannan bugun shi kaɗai yana iya kisa.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar da inji. Idan motar mai maɓalli ce, danna sau biyu ba tare da taka birki ba. Fitilar jakar iska, mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa ko mai haruffan SRS, za ta kama na kusan daƙiƙa shida sannan ta mutu da kanta, alhali fitilar mai da ta batir suna nan a kunne. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an liƙe shi da baƙin tef ta ciki. Idan ta tsaya a kunne har sai da aka tayar da inji, ta mutu tare da fitilar mai a lokaci guda, to an haɗa wayarta da ta fitilar mai ne don ta riƙa yaudarar mai saye. Shi ya sa kada ka yarda dillali ya tayar maka da mota kafin ka shiga. Ce masa, “Alhaji, bar ni in murɗa da kaina.” Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Algus ɗin da ya fi wuyar kamawa shi ne na rizista, wato ɗan kayan lantarki mai rage gudun wuta a waya. Kwamfutar ba ta ganin jaka, tana auna juriyar wayar da ke kunna ta ne, wadda ke tsakanin om 2 zuwa 3. Sai a cire jakar da ta fashe, a soka ɗan rizista mai wannan ƙima a soket ɗin, a rufe da murfin da babu komai a bayansa, wani lokaci a cusa soso ko tsumma don kada ya loma idan an danna. Fitila za ta kama ta mutu lafiya lau. Ƙaramar sikanar nan da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari inji kawai take karantawa. Ana buƙatar babba mai shiga sashen jakar iska, kuma ko ita ba lalle ta kama rizista ba. Abin da ke kamawa shi ne ido. A yawancin Toyota, noti biyu ne a gefen sitiyari ke riƙe da jakar direba. Rewaya ya cire kan batir na negetib, ya jira daƙiƙa 90 (a Honda minti uku), ya kwance, a ga gwangwanin ƙarfen da ke hura jakar, mai lakabi da lamba, da soket a jone a jikinsa. Kada a taɓa auna jakar da mitar auna wuta, domin ƴar wutar mita na iya tayar da ita, kuma idan an ajiye ta murfin ya kalli sama. A ɓangaren fasinja a duba ko an sake lulluɓe dashbod da fata, ko akwai alamar gam a layin da ya kamata ya tsage. Rufin ciki mai karaya ko datti a gefe alama ce cewa jakar labule, wadda ke saukowa ta rufe tagogin gefe, ta taɓa sauka.

Bel kuwa a jawo shi har ƙarshe. Akwai lakabi a gindinsa mai shekarar ƙira. Idan ta yi nisa da shekarar motar, an canza shi, sai a tambayi dalili. Wurin da ya yi sheƙi kamar an goge shi da dutsen guga alamar ya taɓa ɗaukar nauyin hatsari ne. A fizge shi da ƙarfi ya kulle, a sake shi ya koma da kansa. Injin bel da harsashinsa ya fashe yakan cije, masu gyara su buɗe su saki haƙoran, bel ya ci gaba da fita da komawa, amma ba zai sake tsukewa ba har abada.

Akwai kuma matsalar da ba laifin kowa ba a nan gida, wato jakunkunan Takata. Kamfanin ya yi amfani da sinadarin amoniyam naitret, wanda zafi da laima ke lalatawa a hankali, har ya zamana idan ya kama yana ƙonewa da saurin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuya. An janye jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka, fiye da mutum 20 sun mutu a can, kamfanin ya durƙushe a 2017. Yanayin da ya fi lalata sinadarin shi ne irin na Legas, zafi da danshin teku duk shekara. Motocin da abin ya shafa kuwa su ne cike da titunanmu: Accord ta 2001 zuwa 2007, Civic ta 2001 zuwa 2005, Corolla da Matrix na 2003 zuwa 2008, da Pontiac Vibe, da wasu da dama. Mafi haɗari su ne Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda Honda ta ce a daina tuƙa su sai an canza jakar. Ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka saka a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗuran mota ta Amurka, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba. Amma a kula: idan an sayo jaka ta hannu a kasuwar kayan gyara ta Ladipo daga mota mai shekara ɗaya da taka, shafin na iya cewa motarka lafiya, alhali Takata ɗin ce ta dawo ta bayan gida. Lakabin jikin gwangwanin ne zai faɗi gaskiya.

Ba kullum fitila ke nufin algus ba. Sau da yawa soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera ne ya saki saboda tura kujera gaba da baya. Idan hon da maɓallan sitiyari sun mutu tare da kamawar fitilar, naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari ce ta tsinke, galibi bayan an canza rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ba a ɗaure sitiyari ba. Sabuwa ana saita ta a tsakiya ne, kusan juyi biyu da rabi daga kowane ƙarshe, tayoyi na kallon gaba. Motar da ta shiga ruwan Lekki ko Oshodi a watan Yuni da Yuli har kafet ya jiƙe kuwa, kwamfutar jakar tana ƙasa ne, tsatsa za ta ci ta ko bayan watanni. Fitila a kunne tana nufin jakar na iya ƙin fitowa, don haka cire ƙwan ba gyara ba ne.

Abu biyu da fanalbita ke yi suna ɓata sauran. Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya a motocin zamani ƙarfe ne mai tauri na musamman; idan aka gasa shi da wutar walda don a miƙe, taurinsa ya tafi ko da fenti ya yi kyau. Ɗaga robar ƙofa ka duba: ɗigon waldar kamfani zagaye ne a jere, na hannu kuwa dunƙule ne. Gilashin gaba shi ma gam ɗin yuritan yake so, domin a motoci da yawa jakar fasinja jikinsa take dogara kafin ta juyo wajen mutum. Wanda aka liƙa da silikon fita zai yi waje tare da jakar.

Sauran a hannun mai mota yake. Ɗan ƙarfen nan da ake saye a gosulo a soka a ramin bel don ƙarar ta yi shiru, da zagaya bel ta bayan kujera don kauce wa jami'an kiyaye haɗura, duk suna sa kwamfuta ta ɗauka mutum a ɗaure yake. Rigar kujera mai kauri tana toshe jakar gefe, kwalbar turare a kan murfin dashbod kuwa harsashi ce. Direba ya bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, matashin kai ya yi daidai da saman kansa. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma babu hannun uwar da zai riƙe yaro a cinya a irin wannan bugu. Yara ƙasa da shekara 13 a baya suke zama, kujerar jariri mai kallon baya kuma ba a ɗora ta a gaba matuƙar jakar fasinja tana aiki.