Bargon ƙyallaye: abin da na koya da na fara sayarwa

Ƙyallen da teloli ke sharewa da yamma shi ne jarina na farko. Ina bin shagunan ɗinki a unguwarmu a Kano ina karɓar ragowar atamfa a buhu, wani ya ba ni kyauta, wani in ba shi na goro. Wannan arahar ce ta ruɗe ni na yi ta karya farashi, don na ɗauka tunda yadi bai ci kuɗi ba, duk abin da aka ba ni riba ne. Ashe lokaci ne ke cin kuɗin.

Aiki yana farawa daga tantancewa. Atamfar auduga daban, mai roba daban. In na yi shakka sai in yanki ɗan zare in kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Ba na haɗa su a bargo ɗaya, saboda zafin gugar da auduga ke so yana ƙona roba, kuma a wanki auduga tana tsukewa, roba ba ta yi, sai bargon ya tattare. Bayan haka kowane ƙyalle sai ya sha ruwa kafin almakashi ya taɓa shi. Ja da shuɗi mai duhu nakan jiƙa su su kaɗai, in jefa farin ƙyalle a ciki. In ya fito da launi, wannan atamfar tana zuba, ba ta shiga aikin sayarwa.

Ga lissafin da nake bi na gado shida da shida. Bargon inci 90 ne kowane gefe. Ina yanka murabba'i mai inci 6 da rabi, da kwali mai kauri a matsayin ma'auni, domin bayan ɗinki ya koma inci 6 cif. Layi 15, kowane layi guda 15, jimla 225. Bakin ɗinki, wato ratar da ake bari tsakanin ɗinki da gefen yadi, rubu'in inci ne, kuma a nan yawancin masu farawa ke faɗuwa. Idan kika zarce da rabin wannan rubu'in a kowane ɗinki, layi ɗaya mai gaɓa 14 zai rasa inci 3 da rabi, kusurwoyi kuma su ƙi haɗuwa. Na manna tef a kan farantin keken Butterfly ɗina daidai rubu'in inci daga allura, bakin yadi yana bin sa. A kuma yanka bisa tsayin zaren yadi; wanda aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke.

Guga ba ta da gajeriyar hanya. Layi na ɗaya a kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biyu hagu, sai gaɓoɓin su shige juna ba tare da ƙulli ba.

Haɗa hawa uku shi ne mai gajiyarwa: bayan bargo, abin ciki (shimfiɗa mai laushi da ake sawa a tsakiya), sai fuska. Na baya da na ciki su fi fuska da inci 4 kowane gefe, don suna janyewa yayin ɗinki. Ina shimfiɗa su a siminti mai tsabta, in soka fil duk faɗin tafin hannu, in fara ɗinki daga tsakiya zuwa waje da allura lamba 16 da dogon taku. Da na taɓa farawa daga gefe, yadin ya taru a tsakiya ya yi tumbi, kwana guda na yi ina farkewa. Abin ciki ma siriri nake saya a Kantin Kwari. Mai kauri ba ya wucewa ta hammatar keken gida, wato sararin da ke tsakanin allura da jikin keken. Yadin rufe bakin bargo kuwa tsiri ne mai faɗin inci 2 da rabi, tsawon inci 370, a ninka biyu.

Yanzu kafin in faɗi farashi sai na rubuta awowin da aiki ya ci, in sa musu kuɗi kamar ina biyan wata, sannan in ƙara zare, abin ciki, gawayin guga da kuɗin mota. Da na yi haka sai na ga babban bargo ba zai yi gogayya da na gwanjo a farashi ba, kuma ba ya tafiya sai da hunturu ko in ana haɗa kayan ɗakin amarya. Abin da ke juya kuɗi kullum shi ne shimfiɗar jariri mai inci 36, murabba'i 36 kacal, wadda ake kaiwa barka ko suna, sai rigar filo da ƙananan jakunkuna daga guntayen da suka rage.

Babba kuwa sai an yi oda, an ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Ina jera ƙyallayen a ƙasa in ɗauki hoto da hasken rana, don fitila tana sauya launi, in tura ta WhatsApp. Sai mai shi ta ce "Hajiya, haka nake so" sannan in zauna a kan keke.