Tarihin Rayuwar Vince Gilligan, Kashi na Huɗu: Allo da Kati

A makon jiya mun tsaya inda tashar AMC ta karɓi shirin Breaking Bad, bayan wasu manyan tashoshin Amurka sun juya masa baya. Tun kafin a ɗora kyamara aka sauya wa labarin gari. A Riverside ta jihar Kalifoniya Gilligan, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya fara kafa shi, sai aka ce a koma Albuquerque, don gwamnatin jihar New Mexico tana mayar wa masu shirya fim wani kaso na kuɗin da suka kashe a can. Bai yi ƙoƙarin ɓoye garin ba, ya mayar da labarin na Albuquerque kacokan, hamadar wurin ta zama ado ga shirin.

Marubuta kuwa a garin Burbank na Kalifoniya suke zama, kuma nan ne ainihin inda ake dafa abincin. Mutum shida ko bakwai ne a kewaye da tebur, ga allon da ake soka wa fil a gabansu, ga tarin ƙananan katuna masu inci 3 da 5. Kowane kati abu guda yake ɗauka: wane ya shigo, ya tarar da kaza, ya yi ƙarya. An kasa allon gida biyar, wato gajeren mabuɗin kashin da sassa huɗu. Talla ce ta kawo wannan rabon, domin dole kowane sashe ya tsaya a inda mai kallo ba zai iya canza tasha ba. Ba a soka kati sai an amsa tambayar da Gilligan ba ya gajiya da ita: me ke cikin ran Walter White, jarumin shirin, a wannan lokacin, me yake so, me yake tsoro? In amsar ba ta zauna ba, sai a wuni a kan kati ɗaya. Shi ya sa kashi guda kan ci mako biyu zuwa uku a allo kafin a ba mutum ɗaya ya je ya rubuta maganganun 'yan wasa. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a talabijin, kashin kuma bai wuce minti 47 ko kusa da haka ba. Ɗauka kwana takwas ce kacal. Duk ɓarakar da aka bari a allo, a filin ɗauka za ta bayyana, lokacin da ma'aikata ke tsaye kuɗi na tafiya.

Duk da wannan tsari, abubuwa sun sha kwaɓewa. A ranar 5 ga Nuwamba 2007 ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta shiga yajin aiki na kwana 100, zangon farko na shirin ya tsaya a kashi bakwai maimakon tara. A tsarin asali Jesse Pinkman, abokin harkar Walter, ba zai wuce wannan zangon da rai ba, amma ganin wasan Aaron Paul, wanda ya fito a matsayinsa, ya sa Gilligan ya janye. Tuco kuma, dillalin ƙwayar da aka so ya daɗe, an kashe shi a farkon zango na biyu saboda ɗan wasan, Raymond Cruz, yana da kwantiragi da wani shirin.

Abin da ya fi koyar da sana'ar furodusa shi ne wanda ya faru a 2010. Kuɗin zango na uku ya zarce kasafi, kuma abin da ke cinye kuɗi shi ne kwasar manyan motoci da fitilu daga wannan wuri zuwa wancan. Sai aka rubuta kashi na goma kusan gaba ɗayansa a ɗaki guda, mutum biyu suna farautar ƙuda. Masu kallo sun rabu a kansa har yau, amma a ganinmu yana cikin mafi zurfin rubutun shirin.

Mako mai zuwa za mu ɗauko daga 2012, lokacin da aka nuna bindiga a but ɗin motar Walter alhali marubutan ba su san wanda za a harba da ita ba.