Adon bango da takardar ƙarƙashin kek

Takardar nan mai huji-huji kamar leshi, wadda masu yin kek suke shimfiɗawa a faranti, yawancinmu shara muke kai ta bayan an watse daga biki. Ni kuwa da ita nake fitar da zanen allunan da ke rataye a falona a unguwar Mabera, Sakkwato.

A gidanmu ba a rataye hoton mai rai a ɗakin da ake salla, allunan ado na kanti kuma ga tsada, ga shi duk gidan da kika shiga irinsu ne. Zanen takardar nan da'ira ce cikin da'ira, da furanni da ɗigo-ɗigo, fasalin fayafayan da iyayenmu suke jerawa a bangon amarya. Shi ya sa ko tsofaffi suka shigo, idonsu yana kwanciya da shi.

Allon da kansa ba wuya. Na ce wa kafintan unguwarmu, "Malam, katako huɗu nake so ka haɗa mini, kamar tagar da ba gilashi." Ya ce, "Hajiya, faɗi nawa?" Na ce santimita 40, tsawo 60. Sai na sayo akoko mai kauri a Babbar Kasuwa, na ja shi ya ɗame sosai, na kafe shi ta baya da ƙananan ƙusoshi. Idan kin samu yadin kambas, ya fi. Kafin komai, a dama farin fentin ruwa da ɗan farin gam na kafintoci, a shafe yadin sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. In ba a yi haka ba, yadin zai shanye launi, zanen ya fito dishi-dishi. Daga nan sai launin ƙasa, wanda zai zauna a bayan zanen. Ni shuɗi mai duhu irin na rinin baba nake so, domin fari da ruwan zinare suna tashi a kansa.

Inda aikin yake shi ne wajen dangwala fenti. Ki ɗora takardar, ki kama gefenta da ɗan salatif. Ki tsoma soso a fentin akirilik, wato fentin masu zane da ake sirkawa da ruwa, sannan ki dangwala shi a tsohuwar jarida har sai ya kusa bushewa. Fentin da kike ganin ya yi kaɗan, shi ne daidai. Ki riƙa dannawa daga sama kina ɗagawa, kada ki goga, domin guga tana tura fenti ƙarƙashin takardar, hujin ya cushe, furen ya zama tabo. A hankali, tun daga tsakiya zuwa baki.

Sai kuma yanayin garinmu, wanda dole a yi lissafi da shi. Akirilik da ma mai saurin bushewa ne, balle da hunturu ko zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Ki ɗage takardar tun fentin yana da danshi, in ba haka ba ta manne ta yage a jikin allon. Da sassafe nake yi, a cikin ɗaki, taga a rufe saboda ƙura.

Ta takarda sau ɗaya ko biyu take aiki. Akwai ta roba da ake ɗorawa a tebur, ita ana wankewa a sake. Amma saƙar kwarashi da uwa ko kaka ta yi da hannunta, don Allah kada a sa mata fenti. Zaren yana shan ruwa, bakin zanen ba ya fita tas, kuma an lalata abin da ba a sayensa a kasuwa.

Wajen jerawa, ban son da'ira guda a tsakiya tsam. Babba a kusurwa, rabinta ya fice daga allon, ƙanana biyu su hau gefenta da wani launi, sauran filin a bar shi ya sha iska. Bayan ya kwana ya bushe, ki shafa masa banish marar launi siriri, yadda in ƙura ta hau za ki share da tsumma mai laima. Ki rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa.