Abin da na gani da na hura cikin tsuntsuwa

Shekarata ta uku a Jami'ar Ghana da ke Legon malaminmu ya fara fita da mu da asuba, mu kafa raga a cikin ciyayi, mu kama tsuntsaye, mu auna su, mu sa musu zobe a ƙafa, mu sake su. Kafin lokacin, a zatona tsuntsun da ke ƙaura yunwa ce kawai ke korarsa, kamar mai tafiya cin rani. Wata safiya a watan Maris aka miƙo mini wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan ƙasa, irin masu zuwa daga Turai. Malam ya ce, "Kwantar da ita a tafin hannunki, ki hura gashin cikinta." Na hura, gashin ya dare, sai ga kitse rawaya a ƙarƙashin fata, ya cika ramin wuyanta taf. Sikeli ya nuna ta haura giram 30, alhali 'yan uwanta da muka auna a Disamba ba su kai 20 ba.

Wannan kitsen shi ne guzurinta na ƙetare Sahara. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfin da ya ninka na sitaci fiye da sau biyu, kuma jiki na adana shi ba tare da ruwa mai yawa ba, don haka bai da nauyin banza. Kuma abin bai tsaya a kitse ba. A wasu tsuntsayen bakin ruwa, tsokar ƙirji da zuciya kan ƙara girma gab da tashi, ƙundu da hanji da hanta kuwa su motse, tunda ba ci za a yi a sama ba. A 2022 an bi sawun wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokaci. A Turai tsawon yini ne ke shaida wa tsuntsu kaka ta zo. Mu nan Accra dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, to wa ya gaya wa wannan tsuntsuwa ta fara tara kitse? Agogon a jikinta yake. Masana a Jamus sun tsare irinsu a keji, hasken bai canjawa, amma da lokacin tafiya ya yi sai su hana kansu barci, suna ta kaɗa fiffike. Wani masani Bajamushe, Peter Berthold, ya haɗa masu ƙaura da 'yan uwansu na tsibiran Kanari da ba su cika tafiya ba, 'ya'yan suka fito tsaka-tsaki. Ashe gado ne.

Mazauna kuwa, irin su kurciya da hankakan da ke yawo a unguwar Nima ta Accra, ba su buƙatar wannan shiri. Abincinsu bai yankewa, sai ƙarfinsu ya tafi wajen haihuwa da tsare wurin zama.

Da na koma gida na ba Kaka labari, ta ce, "Ke 'yar nan, mu a arewa da mun ga shamuwa mun san damina ta ƙarato." Gaskiyarta, shamuwa na bin ruwan sama ne, ta yi sheƙa a arewa, rani ya yi ta gangara kudancin Afirka. Shirwar da ke shawagi a kan kasuwa da rani ma haka take ɓacewa in ruwa ya sauka.

Yanzu in na je bakin tafkin Sakumo da ke kusa da Tema, wanda tun 1992 yake cikin wuraren Ramsar, wato dausayin da yarjejeniyar duniya ke karewa, na ga gine-gine suna cin gefensa, tunanin da nake yi na tsuntsun da ya iso a rame ne, hanjinsa a motse, yana neman wurin da zai yi kiwo kafin Afrilu.