Kafin a Zuba Dal

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fili a unguwar Niamey 2000, daf da hanyar Filinge, mita 20 a kan 20. Lokacin da ya saye shi awaki ne ke kiwo a wurin, yau kuwa mota ba ta yankewa daga asuba har dare. Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Babbar Kasuwar Yamai, kuma na daɗe da sanin zafin biyan hayar kanti. Shi ya sa da kuɗi suka ɗan taru na ƙudura gina kantuna huɗu a ƙasa, da sito a baya, da ofisoshi biyu a sama. 'Yan'uwana sun yarda da baki, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Wani mutum, cikin masu yini a bakin ofisoshi suna cewa sun san kowa, ya karɓi kuɗina da alkawarin fito mini da izinin gini, abin da muke kira permi. Ya ce, “Hajiya, ki sa a fara tono, takarda za ta tarar da ke a hanya.” Na sa aka fara. Na sauke siminti buhu ɗari daga kasuwar Katako, aka haƙa ramukan tushe, aka ɗaga bulo ta gefen hanya. A mako na uku ma'aikatan birni suka tsaya a wurin, suka nemi takarda, babu. Suka shafa jan fenti a bango, aiki ya tsaya. Mutumin nan kuwa wayarsa ta daina shiga. Damina ta kama, sanyin ƙasa ya ratsa buhunan da ke can ƙarƙashi, wasu suka daskare kamar dutse. Sauri ya haifi nawa.

Da kaina na tafi ma'aikatar magajin gari, riƙe da takardar filin da na ciro daga tsohuwar adakar Baba. Dattijon da ya karɓe ni ya karanta ta a natse, ya ɗago kai.

“Hajiya, wannan sunan wane ne?”

“Mahaifina ne, ranka ya daɗe.”

“Yana raye?”

“Ya rasu shekara tara ke nan.”

“Allah ya gafarta masa. To, mamaci ba ya neman izinin gini. Ki je ki gyara ƙasa tukuna, sannan mu yi maganar abin da za a ɗora a kanta.”

A nan ne yawancin watannina suka tafi, ba a wajen zane ko hatimi ba. Mu bakwai ne magada. Sai da muka nemo takardar rasuwar Baba, muka je kotu aka tabbatar da su wane ne magada, muka yi zaman iyali aka rubuta abin da muka yanke. Yayanmu yana Abijan, kamar yawancin 'yan Adar da neman abinci ya kai can, sai da ya aiko da takardar wakilci mai hatimi. Ƙanwarmu tana aure a Tawa, ta biyo mota ta zo. A wannan zaman ne na gane yardar baki ba ta da zurfi. Da aka zo sa hannu a gaban noter, wato mai tabbatar da takardun yarjejeniya a hukumance, ƙaninmu ya tambaya, cikin ladabi, “Yaya, in an gina, kuɗin haya fa?” Tambaya ce mai kyau, kuma da ba a yi ta a ranar ba, da an yi ta bayan shekara biyu cikin ɓacin rai. Muka rubuta komai: ni ce mai gini, filin ya koma sunana, kowa an biya shi rabonsa bisa ƙimar da muka amince da ita. Har yau ina ganin wannan zama ya fi kowane ginshiƙi riƙe ginin.

Akwai wani bambanci da ban sani ba sai lokacin. Takardar da aka ba Baba ta rabon fili ce, wadda ake bayarwa bayan an yi awon igiya. Takardar mallaka ta dindindin, titir fonsiye, daban take, ana rajistarta ne a ofishin filaye, kuma ita banki ya fi sakin jiki da ita in mutum zai ci bashi. Akwai ma sauƙaƙƙen nau'inta da hukuma ta sa wa suna da Hausa, Sheda. Duk mai niyyar zuba miliyoyi a kan fili ya kamata ya san wace ce a hannunsa.

Sai mai awo ya zo neman turakun iyaka. Biyu suna nan, biyun gaba ƙasa ta binne su. Da ya tono su ya ja igiya, sai ga bangon da muka ɗaga ya ci gefen hanya da fiye da rabin mita. Maginin ya bi layin katangar maƙwabci ne, ita ma ashe ta fita. Na tsaya ina kallon igiyar, jikina ya yi sanyi, don na ga yadda aka kwashe rumfuna da kiyos a bakin titunan Yamai a 2016, na san 'yan kasuwar da suka kwana da kanti suka wayi gari babu. Da jan fentin nan bai tsayar da ni ba, da bene guda na ɗora a kan hanyar jama'a. Muka rushe bangon da hannunmu.

Daga nan hanya ta miƙe. Na ɗauki mai zanen gini wanda sunansa ke cikin rajistar ƙungiyar masu zane ta ƙasa, shi kuma ya kawo injiniyan da ya lissafa ƙarfe. Dosiyen ya ƙunshi takardar nema, da shaidar mallaka, da taswirar inda filin yake a unguwa, da yadda ginin zai zauna a cikinsa, da zanen kowane hawa da fuskokinsa, da zanen ramin bahaya da na ruwan datti, da kiyasin abin da za a kashe. Injiniya ya nace a gwada ƙasa a ɗakin gwaje-gwajen gine-gine na ƙasa. Na yi gardama, na ce mu ba a bakin kogi muke ba, ba mu ne unguwannin Harobanda ko Saga da ruwa ya ci a 2020 ba. Ya ce ba kogi kaɗai ke cin gini ba. Aka haƙa, aka tarar gefen baya tsohon cike ne, yashi da shara, inda ruwan sama ke bi a da. Ya zurfafa tushen wannan gefen, ya kuma ɗaga daɓen kantunan sama da hanya.

'Yan kwana-kwana ma sun duba zanen, tunda wuri ne da jama'a za su riƙa shiga. Abu ɗaya suka kama, kuma sun yi gaskiya: matakalar bene ta ratsa ta cikin sito, inda za a jibge yadi. In wuta ta tashi a nan, na sama ba su da mafita. Wanda ke kasuwanci a Babbar Kasuwa ba a ba shi labarin wuta. Ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa ta bi ta a 2012. Aka fitar da matakalar waje, aka sa ƙofarta ta riƙa buɗewa zuwa waje, aka nuna inda za a rataye tukwanen kashe wuta.

Wannan karon duk abin da na biya sai da kitansi, wato takardar shaidar biya. Na rubuta lambar dosiyena a bangon littafin cinikina, duk mako ina leƙawa in gaishe su in tambayi inda ya kwana. Da izinin ya fito muka kafa allo a bakin shantiye, wato wurin ginin, da lambarsa a jiki.

Ranar da ba zan manta ba ita ce jajiberin zuba dal, wato kankaren rufin ƙasa da bene zai zauna a kai. An riga an yi hayar injin kwaɓa, an kira leburori, an ba mai dafa shinkafa da wake kuɗin cefane. Da la'asar injiniya ya hau kan katakon, ni ma na tattare zanena na bi shi a tsani. Ya fito da ɗan ma'auni daga aljihu, ya kama ƙarfen da ke cikin wata babbar gada, irin wadda ke ɗauke nauyin dal, ya duba, ya sake kama wani. Bai ɗaga murya ba.

“Hajiya, zo ki gani. Zane ya ce na 12. Wannan na 10 ne.”

Ido ba ya raba su. Milimita biyu ne tsakani. Amma ya nuna mini da alƙalami a bayan takardar siminti cewa yawan ƙarfen da ke jikin na 10 bai kai kashi 70 cikin ɗari na na 12 ba, wato kusan sulusin ƙarfin gadar ya tafi. Sannan ya sa ƙafa ya taka ragar ƙarfen, ta kwanta a kan katako. Babu 'yan ƙananan duwatsun siminti da ake sawa a ƙarƙashi don kankare ya lulluɓe ƙarfe ta ko'ina. Ya ce in ƙarfe ya zauna a baki, danshi zai same shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Shugaban maginan ya ce, “Hajiya, haka muke yi ko'ina, ba wanda ya taɓa faɗuwa.” Ba na jin mugunta ce ta sa shi. Na 12 ya ƙare ne, ya cike da abin da ke ƙasa don kada aiki ya tsaya. Amma na kalli gadar nan, na tuna a ƙarƙashinta yaran kantina za su yini, matan unguwa da goyo za su tsaya zaɓen atamfa. Gobe war haka kankare ya rufe ta, ba mai sake ganin cikinta har abada. Na ce a kwance. Kwana huɗu muka yi asara, da kuɗin hayar inji, shinkafar kuma aka raba wa almajirai.

Ranar zubin na zo tun bayan sallar asuba da kujerata. Injiniya ya ce buhu 7 na kilo 50 ga kowace mita kub ta kwaɓi, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, kilo 350 ke nan. Na sa ɗana yana tara takardun buhunan da aka farke, muna ƙirgawa. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu, shi kuwa ruwa in ya yi yawa ƙarfi yake ragewa, a kan wannan aka yi ta ja har azahar. Aka ɗebi kwaɓin a wasu gwangwanaye aka kai ɗakin gwaji, inda suke matse su da inji har su fashe, wasu a kwana 7, sauran a kwana 28. Zafin Afrilu ne, ana haura digiri 40, don haka safe da yamma ana shayar da dal ɗin ruwa kamar shuka. Sandunan tokare ba a taɓa su ba sai bayan mako uku. Da sakamakon kwana 28 ya zo injiniya ya kira ni a waya ya ce, “Hajiya, ya kai.” Ina cikin kanti ina auna wa wata yadi, sai da na zauna.

Da gini ya kammala aka zo duban ƙarshe, don a ba da takardar shaidar cewa abin da aka gina shi ne abin da aka ba da izini. Sun zo da zanen a hannu suna bi ɗaki ɗaki. Wata ƙofa da na sa aka huda tsakanin kantuna biyu ba ta cikin zane, sai da mai zane ya gyara takarda ya sake hatimi. Wutar NIGELEC da ruwa kuwa na sa kowane kanti da nasa kwanta, wato na'urar ƙirga abin da ya sha, don na sha ganin 'yan haya suna faɗa a kan kuɗin wuta.

Kanti na farko ni na shiga. Na biyu wani mai sayar da kayan wayar hannu ya kama. Da Yaya ya zo hutu daga Abijan na kai shi sama ta matakalar waje, ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallon motocin Filinge, sannan ya ce mu yi wa Baba Fatiha. Takardun duka, daga na kotu har sakamakon gwajin kankare, na yi wa kowane magaji kwafi, na asalin kuma suna cikin adakar Baba, inda tsohuwar takardar ta fito.