Rariya, golan da ya sa ɗan yayata karatu

Wata huɗu kenan da Yaya ta kira ni a waya ranta a ɓace, wai an kawo sakamakon jarabawar ɗanta na biyu kuma malamin Hausa da na Turanci duk bakinsu ɗaya, yaron nan ba ya karatu, in an ba shi shafi ɗaya ya karanta sai hamma. Shekararsa 12, yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Ta ce "kai da kake kawunsa kuma kullum kana cikin takardu ai sai ka san yadda za ka yi da shi, ni dai na gaji, ba komai a kansa sai ƙwallo." Na ce to Yaya ki turo min shi ran Asabar.

Yaron da ake cewa ba ya riƙe karatu, wallahi da muka zauna a soro sai da ya jero min shekarun da Kano Pillars ta ɗauki kofin lig, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, alhali na ƙarshen ma yana goye aka ɗauka. Ya san Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014 ya kuma ci Aisland biyu a 2018, ya san kafin ya fita Turai ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar Pillars. Na tambaye shi a ina ka samu duk wannan, ya ce a bakin manya a gidan kallo, wani kuma a wayar yayansa yake karantawa in ya bar ta a caji. Ashe dai yana karatu, abin da yake so ne ba a taɓa miƙa masa a takarda ba.

Sai na ce ai abu mai sauƙi ne, in sayo masa littafin labari na ƙwallo da Hausa. Na yi Asabar biyu ina zaga shagunan littattafai. Na soyayya kam ga su nan jibge har rufi, tun shekarun 1980 da aka fara adabin kasuwar Kano ba a taɓa rasa su ba, na addini akwai, na makaranta akwai, na tatsuniya akwai su Gizo da Ƙoƙi amma waɗannan ya wuce su, in ka ba ɗan shekara 12 zai ga kamar ka raina shi ne. Littafi ɗaya tak na yaro mai buga ƙwallo ko dambe ko kokawa da Hausa ban samu ba. Wani mai shago dattijo har dariya ya yi ya ce "Malam ai ba a tambaya." A wajen masu gwanjon littattafan Turanci na samo guda biyu, ɗaya kan wasan nan na Amurka da ake dukan ƙwallo da sanda ana zaga fili, ɗayan kan ƙwallon kwando a wata makaranta mai ɗakin wasa da katako a ƙasa. Ya karɓa ya yi godiya saboda yaro ne mai ladabi, bayan sati na tambaya ya ce Kawu ni ban gane dokar wasan ba, kuma yaran ciki motar makaranta ke ɗaukarsu zuwa fili.

Wannan maganar tasa ta motar makaranta ita ta zauna min a rai. Ranar da daddare na ɗauko littafin rubutu mai falle arba'in na fara rubuta masa labari da biro, ni da ban taɓa rubuta ƙagaggen labari ba a rayuwata.

Labarin wani yaro ne da 'yan unguwa suka sa wa suna Rariya saboda in ya tsaya a gida ba ƙwallon da ba ta wucewa. Shi ba son tsaron gida yake ba, kawai shi ne ƙarami kuma duk wanda ya taɓa buga ƙwallon layi ya san ƙarami ko mai ƙiba shi ake turawa gola. Filin nasu wani kangon fili ne bayan makarantar firamare, raga dutse biyu ce ko silifas, ƙwallon kuma felele ce ta roba wadda in iska ta kaɗa sai ta canza hanya, ranar da ta fashe a koma ta tsumma da leda. Na sa mai ƙwallo wanda ba a isa a canza shi ba ko da ba ya iya komai, don in ya yi fushi ya ɗauke abarsa wasa ya tashi. Na sa gidan wata tsohuwa da in ƙwallo ta faɗa sai an yi ƙuri'a kan wanda zai shiga roƙo. Na sa cewa ba rafali, kiran sallar magariba shi ne usur ɗin tashi, kuma "wanda ya ci na ƙarshe shi ya yi nasara" ko da ana cin su bakwai. Babi na farko shafi shida ne. Na ba shi ran Juma'a, ran Asabar da safe tun ban karya ba sai ga shi a ƙofar gida yana sallama, "Kawu ina ci gaban?"

Amma ba yabo kaɗai ya zo da shi ba fa, ya zo da gyara, kuma gyaran nasa shi ne makarantar da na shiga. Na rubuta "bugun daga kai sai mai tsaron gida" ya ce Kawu wannan ai Hausar rediyo ce, a fili ba mai faɗin haka, fenariti ake cewa. Na rubuta "mai horaswa" ya ce koci. Na rubuta wani yaro ya ce wa abokinsa "ka miƙo min ƙwallo" ya ce ba wanda ke da lokacin wannan doguwar maganar yana gudu, "ba ni!" kawai zai ce ko ya kira sunansa. Daga nan na daina sa Hausar masu sharhi a bakin yara, na bar ta wa wani mai shayi a labarin da ke kwaikwayon 'yan rediyo in yaran na wasa. Wani wurin kuma na kwashe shafi guda ina bayanin kalar sararin sama da ƙurar hunturu, ya ce ya tsallake. Yaro ba ya maka kara a wannan fannin, in wuri ya yi sanyi zai haura shi ne kawai.

Babban gyaran a babi na uku ya zo. Na sa Rariya ya je wajen wani tsohon gola ya koya masa dabaru na kwana uku, ya dawo ya tare fenariti uku a jere aka ɗaga shi sama. Yaron nan ya karanta ya ajiye littafin ya ce "Kawu wannan ƙarya ne." Na ce ai duk labarin ƙage ne, ya ce a'a, sauran gaskiya ne wannan ne ƙarya, ba wanda ke iya gola a kwana uku, shi kansa wata nawa yana koyon buga ƙwallo da hagu har yanzu bai iya ba. Na yage shafukan. A sabon babin an ci Rariya biyar, amma ya tare guda ɗaya, kuma da yamma yana tafiya gida tafin hannunsa na zafi yana ta kallon hannun. Wannan babin sau uku ya karanta shi, shi ya faɗa min da bakinsa.

Ni a ganina nan ne yawancin masu rubuta wa yaranmu suke yin kuskure, muna gaggawar kai yaro ga kofi kuma muna gaggawar yin wa'azi. Yaron da ke fita fili kullum ya san ciwon a ci ka, ya san a zaɓi kowa a bar ka a gefe, ya san babban yaro ya taka maka ƙafa da gangan ba wanda zai rama maka, ya san tsoron shiga gida da yagaggen wandon makaranta. In ka rubuta masa waɗannan yadda suke zai yarda da kai, kuma haƙuri da riƙon amana da bin na gaba duk za su shiga ba sai ka tsaya a ƙarshen babi ka ce "darasin da ke ciki shi ne" ba. A babi na biyar kyaftin ɗin su Rariya ya ci kuɗin karo-karon da suka tara na sayen jesi, ban sa kowa ya yi masa huɗuba ba, na bar shi ne ya zo fili washegari ba wanda ya ba shi ƙwallo har aka tashi.

Yaya da farko ba ta so ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce ni na ce ka raba shi da ƙwallo kai kuma ka ƙara masa fetur. Tsoronta yana da tushe, mun sha jin yaran da suka bar makaranta saboda wani ya yi musu alkawarin Turai, iyaye suka sayar da fili ko gona suka ba wani eja kuɗi ya ɓace, ko a kai yaro wata ƙasa a zubar da shi ba biza ba kulob. Na ce mata ai shi ya sa ya kamata ya fara haɗuwa da irin wannan mutumin a cikin littafi kafin ya haɗu da shi a bakin fili, kuma na sa shi a labarin, mai ƙaton agogo da hotunan 'yan wasa a waya yana ce wa yara su rage shekaru. Islamiyya kuma ban cire ta ba, Rariya yana da hadda kuma ranar wasan kusa da ƙarshe ta faɗo daidai ranar bita, dole ya zaɓa.

Akwai abin da Japan suka yi da nake yawan tunawa. A 1981 aka fara buga labarin zanen nan na Captain Tsubasa, wanda mu da muka kalli tashoshin Larabawa muka sani da Kaftin Majid, lokacin ƙasar ba ta da lig na ƙwararru, sai 1993 suka fara, kofin duniya kuwa sai 1998 suka fara zuwa, kuma 'yan wasansu da yawa sun faɗa da bakinsu cewa labarin ne ya sa su fara taka leda. Su labari ne ya ja yara zuwa fili. Mu namu yaran suna filin tun tuni, kowane lungu da la'asar ƙura ce ke tashi, jan su zuwa takarda ne ya rage mana, kuma igiyar ɗaya ce.

Ga kayan labari kuwa har sun yi mana yawa. Yaran Najeriya da suka je Sin a 1985 suka ci Jamus ta Yamma 2-0 suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16, karo na farko da aka yi gasar. Gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da Brazil ke cin mu 3-1 aka dawo aka ci su 4-3, da Tijjani Babangida da Garba Lawal 'yan Kaduna a cikin tawagar. Pillars da ta je Alƙahira a 2009 ta yi 2-2 da Al Ahly ta fitar da ita. Wannan ƙwallo kaɗai kenan. Ka ɗauki dambe, ɗan mahauci da ke bin babansa gidan dambe yana riƙe masa zare, yana ganin yadda ake naɗe hannu, yana jin kalangu da kirari, ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada kowa da nasa 'yan dambe, turmi uku a yi kisa ko a raba, shi kuma uwarsa ta rantse ba zai shiga ba. Ka ɗauki kokawa a Nijar, gasar takobi da ake yi tun 1975 wadda in ta zo ƙasar gaba ɗaya ke komawa gaban rediyo da talabijin, wane yaro ne a Maraɗi ko Dosso ko Tawa bai taɓa ɗaura ɗamara a yashi yana kiran kansa Issaka Issaka ba? Ga langa da mu muka yi a dandali da farin wata, kana riƙe da ƙafa ɗaya kana kare ruwa, wato ɗan wasan da ake so ya kai gida, kar a kayar da shi kafin ya sha, yaran yanzu da yawa ko ganinta ba su taɓa yi ba. Ga 'yan uwanmu da shan inna ya taɓa, da suke buga ƙwallo da hannu a kan katako mai taya, duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalle su ya san akwai littafi guda a nan.

Ƙanwarsa mai shekara 10 ma ta shigo maganar. Ta saci littafin ta karanta ta zo ta ce Kawu me ya sa ba mace ko ɗaya sai tsohuwar da ke ƙwace ƙwallo. Ta kalli wasan ƙarshe na matan Afirka a 2025 da Moroko ke cin Najeriya 2-0 aka dawo aka ci 3-2, kuma a makarantarsu ita ce ta ɗaya a tsere. Na yi mata alkawari nata na zuwa, na yarinya mai gudu a gasar gidaje ta makaranta, da wandonta dogo da hijabinta, kuma ta ce in sa carafke da 'yar gala-gala a ciki.

Yanzu muna babi na tara, littafi na uku kenan mai falle arba'in. Na farkon ya yi yawo a hannun abokansa har bangon ya cire, wani ya zuba masa miya, sai da na kai aka buga a kwamfuta aka yi min hoto kwafi goma. Su bakwai ne ke zuwa soro ran Asabar da hantsi, ɗaya ya karanta a bayyane saura su yi ta gardama kan wa ya kamata koci ya ajiye a benci. Satin da ya wuce aiki ya riƙe ni ban rubuta komai ba, na fito ina shirin ba su haƙuri sai ɗan Yaya ya zaro wasu takardu a ninke daga aljihu, shafi huɗu da rubutunsa, ya ce "Kawu na ga ka makara ne shi ne na rubuta wasan da za su yi da 'yan bayan kasuwa, amma ban sa an tashi ba, 1-1 ake, kai za ka ƙarasa."