Caji na kashi 30 amma waya ta mutu mus, wai ina cajin yake tafiya?

Akwai wani hali da waya ke farawa in ta kwana biyu a hannu wanda ni ya fi fashewar sikirin bani haushi, wato kana tsakiyar kira ko kana ɗaukar bidiyo, ka kalli sama kaga caji na nan kashi 30 ko ma 40, kawai sai fuskar tayi baƙi ƙirin ta mutu mus ba ko sallama. Ka danna maɓalli taƙi tashi, ko ta tashi ta nuna maka alamar batir ja wai babu komai a ciki, ka jona caja ko minti biyu ba'a yi ba ta farfaɗo tana nuna kashi 28. To ina cajin ya shiga ɗazu, daga ina kuma ya dawo yanzu? Daga nan sai wasu su yanke hukunci wayar ce ta lalace, wasu suce bairos ne, wasu har su kai a yi mata filashin hotunansu da lambobinsu su tafi a banza, alhali mafi yawan lokuta batir ne kawai ya gaji.

Abu na farko dai, wannan lambar da kake gani a saman sikirin ba awo bane irin na ka leƙa ka ga abin da ya rage, ƙiyasi ne. Akwai wani ɗan ƙaramin aisi, wato wata 'yar mitsitsiyar na'urar lantarki, a cikin wayar da aikinsa kenan, yana lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, yana kallon ƙarfin wutar batir ɗin, sai ya haɗa ya ce maka kashi kaza ya rage. Batir ɗin litiyom da ke cikin wayoyinmu in ya cika dam ƙarfinsa na kaiwa bolt 4.2 zuwa 4.4, yana sauka a hankali kana amfani, ita kuma waya akwai iyakar da in ƙarfin ya faɗi ƙasa da ita, wajen bolt 3 da 'yan kai, dole ta kashe kanta don kar kayan cikinta su lalace. Lokacin da batir yake sabo lissafin aisin nan da gaskiyar batir suna tafiya tare, shi yasa zaka ga waya ta sauka har kashi 1 tana aiki. In ya tsufa ne suke raba hanya.

Kuma tsufan batir iri biyu ne, mutane ɗaya suka fi sani. Wanda kowa ya sani shine ya daina riƙe caji kamar da, da safe ka cika shi kafin azahar ya yi ƙasa. Ɗayan kuma, wanda shine ke kashe waya bagatatan, shine batir ɗin ya kasa bada wuta mai yawa a lokaci guda. Sinadaran cikinsa suna canzawa da amfani, hanyar da wuta ke bi ta fito tana ƙara tauri. Kamar tanki ne da ruwa a ciki amma bututun ya yi tsatsa ya tsuke, in ka buɗe famfo ɗaya ruwa na zuwa lafiya lau, ka buɗe uku tare sai duk su ɗauke, ba don tankin ya ƙare ba. Haka wayar take, in kana karanta saƙo kawai wuta kaɗan take sha ba matsala, amma ka buɗe kamara da fitila, ko gem mai nauyi, ko kana kira a wurin da sabis ya yi rauni wayar na ta ƙoƙarin kamo shi, sai ta nemi wuta mai yawa a ƙiftawar ido, batir ya kasa, ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da iyakar nan ko da na ɗan lokaci ne, shikenan ta mutu. Da ta mutu nauyin ya sauka, ƙarfin batir ya sake hawa, shi yasa in ka kunna sai kaga cajin ya dawo kamar abin aljanu.

Sanyi ma na yin haka ko da batir bai tsufa sosai ba, saboda sinadaran suna yin nawa in sun yi sanyi, amma wannan da wayar ta ji ɗumi take dawowa daidai. Zafi ne mugun, shi ɓarnarsa bata gyaruwa. Apple sun rubuta cewa wayoyinsu an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sama da haka yana iya rage ƙarfin batir har abada, kuma wannan ba nasu kaɗai bane duk batir ɗin litiyom haka yake. Barin waya a cikin mota a rana, ko yin gem tana caji har ta yi zafin da baka iya riƙe ta, ko a tura ta ƙarƙashin filo tana caji har safe, duk wannan cin ransa ake yi.

Kar kuma wani ya ɗauka ƙananan wayoyi ne kaɗai ke wannan. A ƙarshen 2016 Apple da kansu suka amsa cewa wasu iPhone 6s da aka ƙera tsakanin Satumba da Oktoban 2015 suna mutuwa haka kawai, suka canza wa mutane batir kyauta. Sai a Janairun 2017 suka fitar da iOS 10.2.1, wato sabuntawar manhajar da ke tafiyar da iPhone, a ciki suka saka wata dabara, in batir ya gaji sai wayar ta rage wa kanta gudu don kar ta nemi wutar da batir bazai iya bayarwa ba. Mutuwar ta ragu sosai, amma basu gaya wa kowa cewa gudu suka rage ba. Sai a Disambar 2017 asiri ya tonu, wani ya lura wayarsa ta dawo da sauri bayan ya canza batir, John Poole na Geekbench, manhajar gwada saurin waya, ya duba alƙaluman gwaji ya nuna abin gaskiya ne, Apple suka amsa suka bada haƙuri suka rage kuɗin canjin batir na tsawon 2018, sannan a iOS 11.3 suka saka wurin duba lafiyar batir. Italiya ta ci su tarar yuro miliyan 10 a 2018, Faransa ta ci su yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka kuma suka yarda su biya har dala miliyan 500 a ƙarar da masu wayoyi suka shigar, banda dala miliyan 113 da suka biya jihohi sama da 30. Nexus 6P na Google da Huawei ma ta yi irin wannan mutuwar da caji a ciki har aka kai kotu aka sasanta a 2019.

Ni a ganina dabarar rage gudun ba hauka bace, waya mai ɗan nawa ta fi wadda zata mutu maka kana tsakiyar kiran gaggawa. Ɓoyewar ce laifin, domin mutum nawa ne suka ga wayarsu tana jan ƙafa suka je suka sayi sabuwa, alhali da an ce musu batir ne da shi kaɗai zasu canza.

To ya zaka gane naka batir ne ba wani abu ba? Gwaji mafi sauƙi, ka jona ta a caja ko fawa bank kayi ainihin abin da ke kashe ta, ka buɗe kamarar, kayi gem ɗin. In bata mutu ba tana jone amma da ka cire ta mutu, kusan ka gama samun amsa. Ka lura da yadda lambar ke sauka ma, lafiyayyen batir ɗaya bayan ɗaya yake sauka, gajiyayye kuwa zaka ga 45 yanzu ka ɗan kau da kai ka ga 31, ko ya tsaya a kashi 1 na tsawon lokaci yaƙi mutuwa. A iPhone ka shiga setin wajen batir ka duba lafiyarsa, Apple sun ce batir ɗinsu an yi shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, daga iPhone 15 kuma suka ce 1000. Cikakken caji ɗaya fa ba jonawa ɗaya ake nufi ba, in ka sha kashi 50 yau ka cika gobe ka sake shan 50, sannan ne aka ƙirga ɗaya. Masu Samsung akwai gwajin batir a cikin manhajar Samsung Members, sauran Android kuma manhajar AccuBattery na bada ƙiyasi in ka bar shi ya ga caji da yawa, amma kar ka ɗauki lambarsa kamar yankan wuƙa.

In kuma ko tana jone a caja tana mutuwa, ko tana ta kashe kanta tana kunnawa ba ruwanta da yawan caji, to a nan kar ka yi saurin sayen batir. Yana iya zama maɓallin kunnawa ne ya maƙale, ko mahaɗin batir ya saki bayan ta faɗi, ko ruwa ya taɓa shiga ya fara cin fanel, wato allon da kayan lantarkin wayar ke kai, ko aisin wuta ne, ko wata manhaja da ka sauke kwanan nan. Ka sa ta a sef mod, wato yanayin da waya ke tashi ba tare da manhajojin da ka sauke ba, ka yini da ita ka gani, in ta daina to manhaja ce.

Akwai shawarar da ke yawo wai ka bar ta ta mutu gaba ɗaya sannan ka cika ta 100 ba tare da ka cire ba, wai batir zai dawo sabo. Ba zai dawo ba. Abin da hakan ke iya yi kawai shine ya taimaki aisin nan ya gyara lissafinsa, lambar ta daina yi maka ƙarya, amma batir ɗin da ya gaji ya gaji, kuma yawan barinsa ya ƙare ƙarƙaf ƙara gajiyar da shi yake. Manhajojin da ke cewa zasu gyara maka batir kuwa talla kawai suke nuna maka suna ƙara shan cajin.

Wanda ba'a jira da shi shine kumburi. Ka ajiye wayar a kan tebur mai santsi da bai da tudu ka ɗan taɓa gefenta da yatsa, in tana lilo ko tana juyawa a kan cikinta, ko ka kalle ta ta gefe ka ga sikirin ya ɗan ɗago haske na leƙowa ta tsagar, ko murfin baya ya fara rabuwa da jiki, to iska ce ta taru a cikin batir. Kar ka danna shi ya koma, kar ka huda shi wai iskar ta fita, kar ka sake jona ta a caja, ka kashe ta ka kai a cire. Duk wanda ya tuna Galaxy Note 7 a 2016, da Samsung suka janye ta gaba ɗaya har jirage suka hana shiga da ita, ya san wutar batir ba abin wasa bace.

Wajen canjin kansa nan ne ake yawan tafka asara. Da can murfi kawai zaka ɓalle da farce ka zare batir ka sa wani, yanzu kuwa an manne komai da gam, sai an ɗumama wayar an ɗaga sikirin ko gilashin baya, shi kansa batir ɗin a manne yake, mai gyaran da bai da haƙuri ya sa ƙarfe ya banƙare shi yana iya huda shi ko ya tsinka wata siririyar waya, ka kai matsala ɗaya ka dawo da biyu. Don haka kafin ka miƙa ta ka kwashe kayanka ka adana wani wuri, ka bar cajin ya yi ƙasa da kashi 25 saboda cikakken batir ya fi saurin kamawa da wuta in aka huda shi, kuma ka ce a nuna maka sabon kafin a saka da tsohon bayan an cire. Ka duba ranar da aka ƙera shi a jiki, batir na tsufa ko ba'a amfani da shi, wanda ya shekara uku a ajiye ba sabo bane ko da a leda yake. In kaga girmansa ɗaya da naka amma an rubuta mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, ninki biyu, ƙarya ce, rubutu ne kawai. Gara na asali ko na kamfanin da aka sani ko da ya fi tsada, jabu wata biyu zai dawo da kai inda ka fito. Masu iPhone daga XS zuwa sama su sani in aka sa wanda wayar bata gane ba zata nuna saƙon cewa ta kasa tantance shi, aiki dai zata yi. Sannan duk wayar da aka buɗe kar ka sake yarda da maganar bata shan ruwa, sai dai in an sa mata sabon gam yadda ya kamata, ko hakan ma ni bana gwadawa.

Wannan wahalar ce tasa Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta ce daga Fabrairun 2027 batir ɗin na'urorin hannu ya zama wanda mai shi zai iya cirewa ya canza, duk da akwai inda aka yi sassauci, kuma tun Yunin 2025 wayar da za'a sayar a can sai batir ɗinta ya riƙe kashi 80 bayan caji 800, kayan gyaranta kuma su ci gaba da samuwa shekara 7 bayan an daina sayar da ita. Kamfanoni basu cika ƙera waya daban don kowace kasuwa ba, ina sa ran kowa zai amfana.

Shin ko yaushe canjin yana da riba? A'a. In wayar ta daina samun sabuntawar tsaro, sikirin a fashe, wurin caji na wasa, to lissafi ya canza. Amma wayar shekara biyu ko uku da komai nata ke aiki sai wannan mutuwar, batir kawai take so. In an canza ka kunna mata iyakar caji ta kashi 80 ko 85 in tana da shi, ka cire mata kwaba in tana zafi wajen caji. Tsohon kuma kar ka jefa shi cikin shara, in motar shara ta matse shi yana iya kamawa da wuta, ka manne bakinsa da salatif ka bar wa mai gyaran ko ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura.